Ganye yana ƙonewa yana nannaɗewa: amsoshi ga masu lambu da masu shuka a tukunya

Ganyen shukata ya ƙone ya nannaɗe, wane magani zan fesa?

Babu ko ɗaya tukuna. Ƙishirwa, yawan ruwa, taki, ƙwari da cuta duk suna ƙona ganye, kuma feshi ba ya maganin ukun farko. Juya bayan ganyen ka duba, ka tura yatsa cikin ƙasar, ka lura ko tsofaffin ganye ne suka fara ko sababbin tofo. Sannan a yi maganar magani.

Ganyen da ya ƙone zai koma kore?

A'a. Yanke shi da almakashi mai tsabta, amma kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a lokaci guda. A sabon tofo ake gane sauƙi ya samu.

Na ƙasa ne kawai suke yin ruwan ɗorawa suna zuba.

Idan ɗaya ne ko biyu, kuma sama tana tofo lafiya, tsufa ne. Kwantar da hankalinka.

Kullum ina ba ta ruwa, amma bakin ganyen yana bushewa. Ruwan ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan?

Wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci bai taɓa ƙasar tukunyar ba, cinta kawai yake yi. Shukar da ruwa ya yi wa yawa da wadda ƙishirwa ta kama kusan kama ɗaya suke yi daga sama. Saiwa tana buƙatar iska. Idan ta daɗe a jiƙe sai ta ruɓe ta kasa jan ruwa, ganye ya yi yaushi alhali ƙasa sharkaf take. Mai shuka ya ga yaushi ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Tura yatsa gaɓa biyu, wajen santimita 4 zuwa 5. Idan akwai danshi, kada ka ba da ruwa yau. Idan a bushe take, ɗaga tukunyar ka ji nauyinta. Galibi ganyen ƙishirwa yana bushewa ƙayau ya karye a hannu, na yawan ruwa kuwa ya yi laushi ya yi ruwan ɗorawa kafin ya ƙone. Amma galibi na ce, ba kullum ba. Idan kana shakka, zare shukar daga tukunya gaba ɗaya. Lafiyayyar saiwa fara ce ko mai ɗan duhu, kuma da ƙarfinta. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana saɓulewa a yatsa, tana wari. Yanke ruɓaɓɓen, ka sake dasawa a sabuwar ƙasa: kashi 2 ƙasar lambu, kashi 1 yashi mai tsakuwa, kashi 1 ruɓaɓɓen taki. Idan fiye da rabin saiwar ya tafi, mai yiwuwa ta tashi, mai yiwuwa a'a.

Akwai kuma mai ba da ruwa kullum amma yayyafi yake yi. Sama ta jiƙe, ƙasa ƙurmus. Wani lokaci ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin tukunya, ruwa ya bi gefe ya fita ta rami bai taɓa saiwa ba. Irin wannan sai a tsoma tukunyar a baho na rabin sa'a.

Idan duk wannan daidai yake, duba ko akwai farin ɓawo kamar kanwa a saman ƙasa ko bakin tukunya. Gishiri ne ya taru, daga ruwan rijiya ko burtsatse mai zartsi, ko daga taki. Shi ma daga tsinin ganye yake fara ƙuna. Kankare ɓawon, ka kwarara ruwa mai daɗi kamar ninki 2 zuwa 3 na cikin tukunyar, ya fita ta ƙasa. Ruwan sama ya fi, in akwai. Amma wankin nan ba ya yiwuwa a tukunyar da ba ta da rami, kuma ban san dalilin da mutane suke ci gaba da shuka a bokitin fenti ba su huda shi ba.

Na zuba taki, bayan kwana biyu ta ƙone.

Ka cika hannu. Yuriya tana da ƙarfi ƙwarai, kashi 46 cikin ɗari na sinadarin naitirojin ne, kuma ko kamfa 15-15-15 ba a jingina shi da gindin shuka. A lambu a bar tazarar santimita 5 zuwa 10, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa. A tukunya madaidaiciya rabin ƙaramin cokali ya isa. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake ƙonawa, a bar shi ya ruɓe wata 2 zuwa 3. Yanzu dai kwashe abin da ka gani ka wanke ƙasar.

Tumatir ɗina ganyensa ya naɗe sama.

Iri biyu ne. Idan tsofaffin ganye ne suka naɗe kamar kwararo, suna nan kore, shuka tana girma tana fure, zafi ne ko yawan datsa, ba ya hana 'ya'ya. Idan kuwa sababbin ganye ne suka ƙanƙance, gefensu ya yi ruwan ɗorawa, shuka ta tsumbure, fure yana zuba, girgiza ta ka gani. In fararen ƙananan ƙudaje suka tashi, cutar da suke yaɗawa ce, kuma ba ta da magani. Tuge ta, ka sa a leda ka fitar daga lambun. Na san akwai ciwo, amma barinta asarar sauran ce.

Na ga ƙwari a bayan ganye.

Masu taruwa a tofo suna barin danƙo, tururuwa na hawa da sauka, darɓa ce. Idan ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari da siririyar yana kamar ta gizo, ƙananan jajayen ƙwari ne masu son zafi da ƙura, sun fi yawa a rani. Fara da wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi. Sannan ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa a lita 1, ko dakakken ƙwallon dogon yaro giram 50 a lita 1, a jiƙa ya kwana a tace. A fesa da yamma, a bayan ganye, duk kwana 5 zuwa 7. Gwada a ganye kaɗan tukuna.

Omo fa?

A'a. Shi da ruwan wanki duk ƙona ganye suke yi.

Sababbin ganye sun murɗe sun zama sirara, kuma babu ƙwaro ko ɗaya.

Da wane famfo ka yi feshi? Idan wanda aka taɓa zuba maganin ciyawa ne, musamman 2,4-D, ga amsarka. Ɗan abin da ya rage a ciki, ko wanda iska ta kwaso daga gonar maƙwabci, ya isa ya murɗe tumatir, kuɓewa da barkono. Ware famfon ciyawa daban. Idan kaɗan ya taɓa, tofon gaba yakan fito daidai.

Tun da hunturu ya shigo tsinin ganye yake bushewa.

Iskar ce, tana zuƙe ruwa fiye da yadda saiwa ke kawowa. Tara tukwane wuri guda a bayan katanga ko zana, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a saman ƙasa, ka riƙa wanke ƙurar ganye. A bazara kuma a janye su daga kan siminti da ranar azahar, musamman masu baƙar leda, don saiwa dahuwa take yi a ciki.