Ma'anar "baƙin gida" na manoman Sukotlan da abin da ke cinye shi

A tsibiran yammacin Sukotlan, musamman tsibirin Lewis, matafiyi zai yi ta cin karo da kangaye: bangon duwatsu mai kauri, gajere, babu rufi, ciyawa ta cika ciki. Mutanen wurin da harshensu na Gelik suna kiran irin wannan gini "taigh dubh", wato baƙin gida, gida mai launin baƙi. Gidan ƙaramin manomi ne, wanda ke zaune a 'yar gonar haya da suke ce wa "croft". Ƙasar ta wani mai fili ce, manomi yana biyan haya yana noma sha'ir da dankali, yana kiwon 'yan shanu da tumaki. Sai a 1886 doka ta ba waɗannan manoma tabbacin zama, bayan shekaru ana korar iyalai don a sakar wa tumaki fili.

Ginin kansa abin kallo ne. Bango biyu ake jerawa da duwatsu ba tare da siminti ba, a cika tsakaninsu da ƙasa. A saman bangon ciki ake ɗora itacen jinka, a shimfiɗa ƙasa mai saiwar ciyawa, sannan a baibaye da karan sha'ir ko ciyawar bakin teku. Iskar wurin ba ta wasa, don haka sai an ɗaure rufin da igiya, an rataya duwatsu a gefe. Itace kuwa tsada gare shi a tsibirin da bishiya ta yi ƙaranci; abin da teku ya tofo ake tsinta, kuma idan iyali za su tashi, da itacen rufinsu suke tafiya. Mutane a sashe ɗaya, dabbobi a ɗayan, duk a ƙarƙashin rufi guda.

Sunan bai daɗe ba. Da aka fara gina gidaje masu farar ƙasa da bututun hayaƙi a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka ce musu farin gida, na da ya koma baƙi. Kuma ya ci sunansa, domin murhu a tsakar ɗaki yake, babu kafar fitar hayaƙi.

To, a nan sirrin yake. Abin da suke ƙonawa busasshiyar ƙasar fadama ce da ake yankowa kamar tubali, kuma wutar ba ta mutuwa dare da rana. Hayaƙin yana ratsa jinka ya busar da ita, ya kori ƙwari, ya kare itacen daga ruɓa. Idan rufin ya sha kunkunniya sosai, sai a sauke shi a kai gona ya zama taki, a baibaye da sabo. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ciyawa ya san jinka ba ta son a manta da ita, balle a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa.

Saboda haka ranar da mutum na ƙarshe ya kashe wuta ya koma sabon gida, ranar ruɓa ta fara. Danshi ya kama ciyawa, itace ya lotsa, rufin ya rufta ciki cikin 'yan shekaru. Bangon ne kawai ke jurewa. Wasu sun ɗora kwano suka mai da gidan turken dabbobi. Matasa sun tafi birane, masu iya baibaya sun yi ƙaranci. Ni dai ba na ganin laifin wanda ya gudu daga hayaƙi da warin garke. Mai yabon irin wannan gida yawanci bai yi hunturu a ciki ba.

Kaɗan sun tsira. A ƙauyen Arnol da ke tsibirin Lewis akwai gida mai lamba 42, wanda aka zauna a ciki har 1966, yanzu hukumar adana kayan tarihi ce ke kula da shi. A ƙauyen Gearrannan na wannan tsibiri kuwa, mazauna na ƙarshe sun fita a 1974, daga baya aka gyara gidajen, wasu suka zama masaukin baƙi. A gidan Arnol har yau ana hura wutar a tsakar ɗaki, ko da yake babu mai girki a kanta.