Ɗaki ɗaya, aiki ɗaya, albashi daban: abin da doka ta ce game da ƙananan ma'aikatan asibiti

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a babban asibitin gwamnati ya san su, ko da bai san sunayensu ba. Tun kafin likitoci su fito zagayen safe sun yi nisa da aiki: mai goge ƙasa, mai kwashe kwalin allurai da audugar da ta sha jini, mai canja zanen gado, mai tura majinyaci a keke zuwa ɗakin hoto, mai yankar kati, mai gadin da ya kwana yana fama da 'yan dubiya, da wanda zai zo daga mutuware idan ta Allah ta kasance. Abin da mai jinya bai sani ba shi ne, mata biyu za su iya kwana a ɗaki ɗaya, su wanke bayan gida ɗaya, amma idan wata ya ƙare ɗaya ta ji alat na albashi da alawus, ɗayar kuma ta bi layi a gaban ɗan kwangila tana jiran abin da ya sawwaƙa.

A Najeriya, nauyin aikin da kake yi ba shi ne kan gaba wajen yanke maka albashi ba. Abin da ake fara dubawa shi ne wanda ya ɗauke ka, sai takardar makarantar da ka shigo da ita, sai layin da aka ɗora ka a kai ranar da aka ba ka ofa, wato takardar ɗaukar aiki.

Asibitocin gwamnatin tarayya, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, suna biyan albashi ne bisa tsari biyu da Hukumar Tsara Albashi ta Ƙasa ta fitar a shekarar 2009. Na farko shi ne CONMESS, na likitoci da likitocin haƙori, mai matakai 7. Na biyu shi ne CONHESS, mai matakai 15, kuma a ƙarƙashinsa aka tara sauran jama'a: nas-nas, ungozomomi, masu harhaɗa magani, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, masu ɗaukar hoto, ma'aikatan kati, har zuwa masu hidimar ɗakin majinyata. Kowane mataki, wanda ma'aikata ke kira lebul, yana da ƙananan hawa a cikinsa da ake ce wa sitef. Sitef yana ƙaruwa duk shekara da ɗan ƙarin kuɗi, lebul kuwa sai da ƙarin girma. A dokokin aikin gwamnati, ƙaramin ma'aikaci zai shekara aƙalla biyu a mataki kafin ya cancanci ƙarin girma, na tsakiya uku, manya huɗu. Cancanta kuma daban, samu daban, domin sai an ce akwai gurbi.

Wurin da mutum zai fara da inda zai tsaya, duk suna rubuce a kundin tsarin aikin gwamnati. Kowane layin aiki yana da ƙofar shiga da rufi. Mai takardar firamare ko ta sakandare yana farawa ne daga ƙasa, kuma layinsa gajere ne: zai kai rufinsa tun da sauran ƙarfinsa, ya zauna a nan har ritaya. Mai difloma yana farawa sama da shi, mai digiri sama da mai difloma. Shi ya sa za ka ga dattijuwar da ta shekara ashirin da biyar a ɗakin haihuwa, wadda da ta kalli fuskar mai naƙuda ta san ko a ruga a kira likita, yarinyar da ta zo jiya da takarda ta fi ta albashi. A wurin doka babu laifi a nan. Ni ma ban ce a daidaita wanda ya yi shekaru yana karatu da wanda bai yi ba. Ilimin da ke hana a ba yaro maganin da ya fi ƙarfinsa ya cancanci kuɗinsa. Abin da ke damuna shi ne tsarin ba shi da ma'aunin da zai auna ƙwarewar da hannu ya koya.

Akwai hanyar fita daga gajeren layi, wato sauya layi bayan ƙaro karatu. Sai dai mutane da yawa sun yi asarar wahalarsu a nan. Idan za ka koma makaranta kana cikin aiki, nemi izini a rubuce tun kafin ka fara, ka adana takardar. Wanda ya yi karatu a ɓoye ya dawo da shaida, ofishin ma'aikata na iya ce masa ba su san da zancen ba.

Bayan ainihin albashi sai alawus, kuma a nan tazarar ke ƙara buɗewa. Akwai na aikin karɓa-karɓa, na zaman jiran kira bayan an tashi aiki, na koyarwa, na aiki a karkara, kowanne da waɗanda aka ware wa. Wanda ya fi jawo magana shi ne alawus ɗin haɗari. Shekara da shekaru yana naira 5,000 a wata ga kowa, daga babban likita har mai shara. A watan Disamba na 2021 aka sake shi: likitoci suka koma tsakanin naira 32,000 da 40,000, ma'aikatan CONHESS kuma tsakanin 15,000 da 34,000, ƙananan ma'aikata suna can ƙasan jerin. Kafin nan, a lokacin korona a 2020, an yi yarjejeniyar alawus na musamman inda masu duba majinyata a asibitocin tarayya za su samu kashi 50 cikin ɗari na ainihin albashinsu, waɗanda aka ce aikinsu ba na jinya kai tsaye ba ne kuma kashi 10.

Wannan rabon ya tsaya mini a rai. Albashi ya bi takarda, na ji. Amma haɗari ba ya duba takarda. Allurar da aka yi wa mai ciwon hanta ko mai ƙanjamau, idan aka jefa ta inda bai dace ba, hannun mai kwashe shara za ta soka. Zanen gadon mai zazzaɓin Lassa, mai wanki ne zai ɗauka. Alawus ɗin da sunansa na haɗari ya kamata a auna shi da kusancin mutum da jini da ƙazanta, amma sai aka auna shi da lebul.

Duk wannan bayani na ma'aikatan tarayya ne. CONHESS ba ya hawa kan jiha dole. Kowace jiha ita ke yanke ko za ta ɗauke shi gaba ɗaya, ko wani kaso nasa, ko ta ɗauki albashin ta bar wasu alawus. Ma'aikacin asibitin jiha da na ƙaramin asibitin ƙaramar hukuma suna iya riƙe takarda iri ɗaya da na tarayya, a gari ɗaya, kuɗinsu ya sha bamban. Dalilin da ya sa ke nan da zarar an ji asibitin tarayya zai ɗauki ma'aikata, asibitocin jiha ke fara rasa mutanensu.

Rigimar da ake ji a rediyo kuwa ta na sama ce. A 2014 an gyara CONMESS, ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya da ke ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta JOHESU suka ce sai an yi wa CONHESS irin wannan gyara, har suka yi yajin aikin kusan mako shida a 2018. A 2023 an yi wa tsarin biyu ƙarin kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari. Duk wanda sunansa ke cikin jerin albashin gwamnati ya ɗanɗana wani abu daga waɗannan fafutuka.

Saura waɗanda sunansu ba ya ciki, kuma a ganina nan ne ainihin ciwon yake. Tun garambawul ɗin zamanin Obasanjo gwamnatin tarayya ta fara janye hannu daga ɗaukar masu shara, masu gadi, masu ban ruwan fulawa da makamantansu, ta miƙa ayyukan ga kamfanoni. Asibiti ya biya kamfani, kamfani ya cire ribarsa ya biya ma'aikaci. Wannan ma'aikacin ba shi da lebul, ba shi da sitef, ba ruwansa da alawus ɗin haɗari na CONHESS, kuma ƙarin 2023 bai shafe shi ba. Haka 'yan wucin gadi da asibiti ke biya daga kuɗin shigarsa, da masu aikin sa kai da ake ta ce musu su yi haƙuri gurbi na tafe.

To amma rashin lebul ba ya nufin rashin haƙƙi, kuma wannan ne mafi yawansu ba a taɓa gaya musu ba. Dokar Ƙwadago ta 1974 an yi ta ne musamman don masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, wato mai shara ya fi babban likita shiga ƙarƙashinta. Sashe na 7 ya wajabta wa wanda ya ɗauke ka ya ba ka takarda cikin wata uku da fara aiki, mai bayyana irin aikin, yawan kuɗin, lokacin biya, awannin aiki, hutu, da yadda za a rabu. Sashe na 15 ya hana a ɗaga biyan lada ya wuce wata guda. Sashe na 5 ya taƙaita yankan albashi, ba a zaftare wa ma'aikaci kuɗi don ran shugaba ya ɓaci. Bayan shekara guda cur kana da hutun aƙalla kwana shida na aiki, da albashinka.

Sai dokar mafi ƙarancin albashi. A 2019 naira 30,000 ne. A watan Yuli na 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan gyaran da ya mayar da shi 70,000, za a kuma riƙa sake dubawa duk shekara uku. Wasu jihohi sun ɗora a kai, kamar Kano da ta sanar da 71,000. Dokar ta hau kan kamfani mai zaman kansa kamar yadda ta hau kan gwamnati. Amma tana da ƙofofi: ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko mai aikin 'yan awanni, ko wanda ake biya da kamasho ko da yawan abin da ya yi. Ta nan ƙananan asibitocin kuɗi na unguwa ke fita. Kamfanin sharar da ke da mutum ɗari a asibitin koyarwa kuwa ba shi da wannan mafita. Idan yana biyan mai aikin cikakken yini ƙasa da 70,000, ya karya doka.

Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, ba a cire ko kwabo daga aljihun ma'aikaci, kuma dokar ta haɗa har da na wucin gadi. Wanda allura ta soka ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki yana da damar neman magani da diyya. Sharaɗin shi ne ya kai rahoto da wuri, a rubuta. Kada kunya ko tsoron kora su sa a wanke hannu a yi shiru, domin maganin kariya daga ƙanjamau ma sai an fara shi cikin awa 72.

Wani zai ce, ai kundin tsarin mulki ya yi maganar aiki ɗaya lada ɗaya. Haka ne, yana nan a sashe na 17 na kundin 1999, kuma Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 100 kan daidaiton lada tsakanin maza da mata tun 1974. Sai dai sashe na 17 yana cikin babi na biyu, wanda kundin da kansa ya ce ba a kai gwamnati ƙara don ta gaza cika shi. Abin da ya sassauta lamarin shi ne gyaran kundin na 2010, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron duk rigimar aiki, har da ƙorafin rashin adalci a wurin aiki, ya kuma ba ta damar duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Kotun tana da rassa a Kano da Kaduna da wasu jihohi, kuma tana duba yadda alaƙar aiki take a zahiri: wa ke ba ka umarni, wa ke rubuta jadawalin aikinka, shekara nawa ka yi.

Kotu kuma hujja take nema. Duk mai aiki a asibiti ba tare da ofa ba, ya riƙa adana katin shaidarsa, hoton jadawalin aiki mai ɗauke da sunansa, saƙon banki na kowane wata, ko kwafin takardar da yake sa hannu idan a hannu ake biyansa. Kafin a kai ga kotu akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a babban birnin jiha, inda jami'an ƙwadago ke karɓar ƙorafi su kira mai kamfani. Zuwa a ƙungiyance ya fi zuwan mutum ɗaya, domin wanda ya je shi kaɗai shi ake fara sallama. Ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta MHWUN, wadda ƙananan ma'aikatan asibiti da yawa ke cikinta, tana da rassa a asibitocin gwamnati, kuma shugabanninta sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ya kamata su ma su riƙa tambayar hukumar asibiti nawa take biyan ɗan kwangila a kan kowane mai shara, nawa kuma ke isa hannun mai sharar.