Gyaran Inji Bisa Awo

Gyaran inji bisa awo, wanda ake kuma kira gyara bisa hasashe, tsari ne na kula da injunan masana'antu ta hanyar auna lafiyarsu suna cikin aiki, sannan a yi gyaran lokacin da awon ya nuna alamar matsala. Kafinsa hanyoyi biyu aka saba da su: a bar inji sai ya tsaya, ko a yi masa sabis duk bayan sa'o'i kaza ko da lafiyarsa ƙalau.

Daga harkar jiragen sama aka fara shakkar hanya ta biyu. A 1978, injiniyoyin kamfanin United Airlines biyu, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka rubuta wa Ma'aikatar Tsaron Amurka rahoto a kan yadda kayan jirgi ke lalacewa. Sun gano cewa kashi 11 cikin ɗari ne kawai tsufa ke nuna lokacin lalacewarsu. Kashi 68 kuwa sun fi lalacewa suna sababbi, ko jim kaɗan bayan an ɗaura su. Ke nan kwance inji mai lafiya don kalanda ta ce a kwance na iya zama hanyar sa masa ciwo.

Tushen dabarar ba baƙo ba ne ga bakanike. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotar, ya ji ko boris ya fara kuka. Na'urar auna girgiza wannan aikin take yi, sai dai ita ba dare ba rana, kuma tana jin abin da kunne ba ya ji. Boris da ya sami 'yar tsaga yana bugawa da wani sauri da za a iya lissafawa daga yawan ƙwallayensa da saurin juyawarsa, tun makonni kafin hannu ya ji zafi a wurin. Ana gwada baƙin mai, a nemi ɓurɓushin ƙarfe. A taransifoma kuma iskar gas da ta narke cikin mai ake dubawa. In aka ga iskar da ake kira asitilin, wuta na tartsatsi a ciki. Kyamarar auna zafi tana tona asirin wayar da ta saki.

Kamfanin Rolls-Royce, mai ƙera injunan jiragen sama, na bin lafiyar injunansa daga Derby a Ingila suna sararin sama, kamfanonin jirage kuma suna biyansa gwargwadon sa'o'in da injin ya yi aiki. Tun bayan 2011, da Jamus ta fito da manufar Industrie 4.0 ta haɗa injunan masana'antu da kwamfuta da intanet, arahar na'urori da intanet ta kai tsarin ga ƙananan masana'antu.

Sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen mutane. Manhajar da ke nazarin awon daga tarihin lalacewa take koyo, littafin da aka rubuta "an gyara" kawai kuwa ba ya koya mata komai. In ƙararrawar ƙarya ta yi yawa, ma'aikata sai su daina kula ta. Gargaɗin ma ba shi da amfani in babu kayan gyara a sito, ko manaja ya ƙi a tsayar da aiki. Shi ya sa masana'antu kan fara da 'yan injunan da in sun tsaya komai ya tsaya, kamar murhun gasa siminti, famfon matatar mai, ko babban janareto.