Waiwaye: Yadda aka koma ga ƙwayoyin halitta wajen tace biyogas

Duk wanda ya taɓa girki da gas ɗin kashin shanu ya san harshen wutarsa bai kai na gas ɗin silinda zafi ba. Abin da ke tasowa daga tankin da kashin dabbobi da ragowar abinci ke ruɓewa a ciki, wato biyogas, gauraye ne. Kusan kashi 60 cikin ɗari mitan ne, mai ci da wuta, saura kuma galibi iskar kabon dayoksaid ce, wadda ba ta da aiki sai cika wuri. An daɗe ana raba su ta hanyar wanke gas ɗin da ruwa ko sinadari, kabon ɗin kuwa a sake shi ya bi iska.

Alhali tun da daɗewa maganin yana cikin taɓo. A 1776 Alessandro Volta ya tsokani lakar gefen tafkin Maggiore a Italiya, ya tara kumfar da ke tasowa, ya ga tana kama wuta. A 1906 kuma wani masanin kimiyya mai suna Söhngen, a birnin Delft na ƙasar Holan, ya nuna cewa akwai ƙwayoyin halitta da ke haɗa kabon dayoksaid da haidirojin su fitar da mitan da ruwa. Sai a 1977 Carl Woese ya gano ashe ma ba bakteriya ba ne, wani jinsi ne daban.

To me ya hana a sa su aiki tun tuni? Haidirojin. Da lantarki ake ciro shi daga ruwa, kuma kowane awo ɗaya na kabon sai an ba shi awo huɗu na haidirojin. Da injinan samar da lantarki daga iska suka yawaita a Denmak da Jamus, har wuta kan yi rara, sai lissafin ya fara zama. A 2016 kamfanin Electrochaea ya kunna tankin gwaji a matatar ruwan ƙazanta ta Avedøre, kusa da Kopanhegan, inda ƙwayoyin suka riƙa cinye kabon ɗin biyogas suna mayar da shi mitan.

Aikin dai da sauran rina a kaba. Haidirojin ba ya son narkewa a ruwa, dole a yi ta kaɗa tankin, kaɗawar ma wuta take ci. Wasu sun koma ga gansakuka, wadda ke zuƙe kabon in ta samu rana, amma tana barin iskar oksijin cikin gas ɗin, ga kuma cin fili.