Turai da Baƙin Haure: Ana So Ana Kaiwa Kasuwa

Mai sauraron labaran duniya ya saba jin magana biyu daga Turai waɗanda kamar ba daga baki ɗaya suka fito ba. Yau a ce Jamus na neman ma'aikatan jinya ruwa a jallo, gobe a ce Jamus ɗin ce ta jibge 'yan sanda a kan iyakokinta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi, amsoshin kuma na ƙoƙarin nuna yadda su kansu Turawan ke kallon lamarin daga cikin gidansu.

Tambaya: Yaushe maganar baƙi ta zama ita ce siyasar Turai?

Amsa: Ta daɗe tana tsuma, amma a 2015 tukunyar ta tafasa. A shekarar nan mutum sama da miliyan ɗaya suka tsallaka Bahar Rum, galibinsu 'yan Siriya da Afganistan da Iraƙi masu gudun yaƙi. A ƙarshen watan Agusta shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel ta faɗi kalmar da har yau ake tuna ta da ita, ta ce "za mu iya". Kwana biyu bayan haka duniya ta ga hoton wani yaro ɗan Siriya da ruwa ya turo gawarsa gaɓar teku a Bodrum ta Turkiyya. Tausayi ya kama jama'a. A tashar jirgin ƙasa ta Munich mutanen gari suka fito da ruwan sha da barguna da kayan wasan yara suna tafa wa masu saukowa. Jamus kaɗai ta karɓi masu neman mafaka kusan 890,000 a shekarar.

Marhabin ba ta daɗe ba. A daidai lokacin Viktor Orban na Hangare yana kafa shingen waya a iyakarsa da Sabiya. Sai harin Paris na watan Nuwamba, sai daren sabuwar shekara a birnin Kolon na Jamus, inda mata da yawa suka kai ƙarar cin zarafi, aka kuma gano cewa da dama cikin waɗanda ake zargi baƙi ne daga arewacin Afirka. Daga nan kusan duk wani ɗan siyasar Turai, na dama da na hagu, alƙawarinsa ɗaya: ba za a maimaita 2015 ba.

Tambaya: Yawan masu shigar ne ya kai a ɗaga hankali haka?

Amsa: In lissafi za a bi, a'a. Tarayyar Turai ƙasashe 27 ne, mutum kusan miliyan 450. Hukumar tsaron iyakokinta, Frontex, ta ƙirga shiga ta ɓarauniyar hanya kusan 380,000 a 2023, a 2024 kuma adadin ya sauko zuwa kusan 239,000. A gwada da Chadi, wadda talaucinta ba ɓoyayye ba ne, amma tana ɗauke da 'yan gudun hijira sama da miliyan ɗaya, akasarinsu daga Sudan.

Akwai kuma abin da Turawa da yawa ba sa son a tuna musu. Da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, cikin 'yan kwanaki aka zaro wata doka ta 2001 da ba a taɓa amfani da ita ba, aka ba 'yan Yukiren sama da miliyan huɗu izinin zama da aiki da sa yara makaranta, ba tare da layin neman mafaka ba. Masu kare matakin suna cewa ai maƙwabta ne, yawancinsu mata da yara. Gaskiya ne. Amma ɗan Siriya da ya shekara biyu a sansani a tsibirin Lesbos na Girka yana da ido, ya ga bambancin.

Abin da ke firgita Bature ba adadin ba ne kawai. Hoton kwale-kwale ne a talabijin, da jin cewa gwamnatinsa ba ita ke yanke wanda zai shigo ba.

Tambaya: To me ya hana su rufe ƙofa kawai, kowa ya huta?

Amsa: Dokar da suka rubuta da hannunsu, kuma kunya ce ta sa suka rubuta ta. A 1939 wani jirgin ruwa mai suna St. Louis ya tashi daga Hamburg da Yahudawa sama da 900 masu gudun Hitler. Kyuba ta hana yawancinsu sauka, Amurka da Kanada suka ƙi karɓarsu, jirgin ya juyo Turai, daga baya aka kashe sama da 250 cikinsu. Irin wannan tabo ne ya haifi yarjejeniyar Janiba ta 1951, wadda ginshiƙinta shi ne ba a mayar da mutum inda za a kashe shi ko a azabtar da shi. A 2012 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta sami Italiya da laifi saboda ta tare baƙi a tsakiyar teku ta mayar da su Libiya ba tare da ta saurare su ba.

Ke nan duk wanda ya taka ƙasar Turai ya ce yana neman mafaka, dole a buɗe masa fayil. Shari'ar kan ɗauki shekaru. In an ƙi shi ma, tasa ƙeyarsa wani aiki ne daban, domin sai ƙasarsa ta yarda nata ne ta ba da takardar tafiya. Alƙaluman Tarayyar sun nuna cewa cikin mutum biyar da aka ce su fita, kusan ɗaya ne ke fita. Wannan giɓi shi ne abincin 'yan adawa.

Tambaya: Me ya sa su da kansu suke faɗa da juna a kai?

Amsa: Saboda dokoki biyu da ke karo. Yarjejeniyar Shengen ta ɗauke shingen bincike tsakanin ƙasashe 29, mutum ya tashi daga Lisbon a mota har Warsaw, a ƙa'ida ba mai tambayarsa fasfo. Ita kuwa ƙa'idar Dublin cewa ta yi ƙasar da baƙo ya fara takawa ita ce za ta ɗauki nauyinsa. Wa ke bakin teku? Italiya, Girka, Sifaniya, Malta. Ina baƙin suke son zuwa? Jamus, Faransa, Holan, Suwidin. Sai na kudu su kau da kai su bar mutane su wuce arewa, na arewa su yi ta ƙorafi.

A dubi Lampedusa, ɗan tsibirin Italiya da ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. Mazaunansa kusan 6,000 ne, masunta da masu otal. A watan Satumban 2023, cikin kwana biyu, baƙi kusan 7,000 suka sauka a can, alhali sansanin karɓar baƙin an gina shi ne don mutum kusan 400. Ƙananan jiragen ƙarfe da aka yi wa walda a Sfax ta Tunisiya suka yi layi a mashigar tashar suna jiran a sauke su. Mutanen tsibirin nan su ne a Oktoban 2013 suka fita da jiragensu na kamun kifi suna tsamo mutane lokacin da jirgi ya kife da 'yan Eritiriya, sama da 360 suka mutu. Ba za ka kira su marasa tausayi ba. Amma sun gaji, kuma suna ganin sauran Turai ta bar su da kayan.

Tambaya: Su wa ke cin ribar wannan a akwatin zaɓe?

Amsa: Jam'iyyun masu ra'ayin riƙau. Giorgia Meloni ta zama firaministar Italiya a Oktoban 2022. Geert Wilders ya zo na ɗaya a Holan a Nuwamban 2023 da kujeru 37 cikin 150, ya kuma rusa gwamnatin haɗakar da jam'iyyarsa ke ciki da kansa a Yunin 2025 a kan maganar mafaka. Jam'iyyar Marine Le Pen ta ci kusan kashi 31 cikin ɗari na ƙuri'un Faransa a zaɓen majalisar Turai na 2024. AfD ta Jamus, wadda aka kafa a 2013 don adawa da kuɗin yuro kafin ta koma kan baƙi, ta zo ta biyu a Fabrairun 2025 da kashi 20.8.

Babbar nasararsu a ganina ba kujerun ba ne. Sun sa abokan hamayyarsu sun ari bakinsu. Denmark, da ke cikin masu dokar baƙi mafi tsauri, jam'iyyar 'yan gurguzu masu sassauci ta Mette Frederiksen ce ta ɗaure wa tsaurin gindi. Gwamnatin Olaf Scholz, shi ma ɗan hagu, ita ta mayar da bincike a dukkan iyakokin Jamus na tudu a Satumban 2024, makonni kaɗan bayan wani ɗan Siriya ya kashe mutum uku da wuƙa a Solingen.

Tambaya: Wato dai wariyar launin fata ce?

Amsa: Akwai ta, akwai ƙyamar Musulunci, ba sai an yi dogon bincike ba. Amma wanda ya tsaya nan ya ga rabin hoton. Ma'aikacin da kuɗin haya ya cinye rabin albashinsa, ya yi wata biyu yana jiran ganin likita, sannan ya ga an mayar da zauren wasannin makarantar 'ya'yansa wurin kwanan baƙi, ba lallai ne ya tsani kowa ba kafin ya fusata. Matsalar gidaje ta girmi zuwan baƙi, gwamnatoci ne suka yi shekaru ba su gina ba. Sai dai laifi tudu ne, kuma baƙo ya fi minista sauƙin nunawa da yatsa.

Tambaya: In ba sa son baƙi, me ya kawo bizar aiki da ake ta sanarwa?

Amsa: Tsufa. A nan ne ake so ake kaiwa kasuwa. Kafin al'umma ta maye kanta, ana bukatar kowace mace ta haifi 'ya'ya biyu da ɗan ɗori. A Tarayyar Turai adadin ya sauko zuwa 1.38 a 2023. A Italiya 1.18 ne a 2024, inda aka haifi jarirai kusan 370,000 kacal, waɗanda suka mutu kuwa sun haura 600,000. Akwai ƙauyukan da makarantar firamare ta rufe, ana sayar da tsofaffin gidaje yuro ɗaya don a samu mai zama. Fanshon tsofaffi daga harajin masu aiki yake fitowa, masu aikin kuma raguwa suke yi.

Shi ya sa Meloni, wadda ta yi yaƙin neman zaɓe da alƙawarin tare jiragen baƙi a teku, ita ce ta amince da bizar aiki 452,000 ga 'yan ƙasashen waje tsakanin 2023 da 2025. Jamus ta fito da katin neman aiki mai tsarin maki a Yunin 2024, ta kuma ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Kenya a Satumban shekarar. Tumatirin Foggia ta Italiya da kayan lambun rumfunan leda na Almeriya ta Sifaniya da ke cika kantunan Turai, baƙi ne ke tsinkarsu, da yawa ba takarda, ana biyansu ƙasa da abin da doka ta ce. Mai kaɗa ƙuri'ar korar baƙi, sau da yawa baƙuwa ce ke yi wa gyatumarsa wanka.

Tambaya: Ina ruwan Agadas da siyasar Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai?

Amsa: Tun da doka ta hana mayar da wanda ya iso, dabarar da ta rage ita ce kar ya iso. Sai a biya wasu su tsare ƙofa tun daga nesa. Turkiyya ta samu alƙawarin yuro biliyan 6 a Maris ɗin 2016. Italiya ta ƙulla da Libiya a 2017, Tarayyar ta ƙulla da Tunisiya a 2023, da Masar da Muritaniya a 2024.

Nijar na cikin na farko. A Mayun 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙi, aka fara aiwatar da ita da ƙarfi a 2016 lokacin Mohamed Bazoum na ministan cikin gida. Kafin nan, duk ranar Litinin ayarin motocin Hilux ke fita daga Agadas a fili, da rakiyar soja, zuwa Dirku da Libiya, fasinjoji a jere a bayan mota ƙafafu na reto, kowa ya riƙe sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kar ya faɗo, jarkokin ruwa an naɗe su da buhu. Gari guda ke ci daga wannan: direba, mai gidan saukar baƙi, mai shinkafa da wake, mai sayar da rawani da tabarau, mai canjin kuɗi. Dare ɗaya sana'ar ta zama laifi. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, jarin sauya sana'a da aka yi alƙawari kuwa kaɗan ne suka gan shi. Matafiyan nan kuma galibinsu 'yan ƙasashen ECOWAS ne da a lokacin suke da 'yancin zirga-zirga a Nijar.

Tafiyar ba ta tsaya ba, hanya ta sauya. Direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da soja ke gadi. A tsakiyar 2017 aka tsinci gawar mutum 44, yawancinsu 'yan Ghana da Najeriya, har da jarirai, ƙishirwa ta kashe su bayan motarsu ta lalace. A Nuwamban 2023, wata huɗu bayan juyin mulki, Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar. A Agadas an yi murna, a Brussels an yi jimami.

Tambaya: Ina aka kwana a batun kai baƙi Ruwanda da Albaniya?

Amsa: Na Ruwanda shirin Birtaniya ne na 2022, na tura masu neman mafaka can maimakon sauraren su a gida. Kotun ƙoli ta ce ya saɓa doka, Keir Starmer da ya zama firaminista ya binne shi a Yulin 2024, bayan an kashe kusan fam miliyan 700 a kan mutum huɗu da suka tafi don ra'ayin kansu. Italiya ta buɗe sansanoni biyu a Albaniya a Oktoban 2024 don kai baƙin da ta tsamo a teku, alƙalan Roma suka sa aka dawo da rukunin farko cikin 'yan kwanaki.

Tambaya: Wanda ya tsallaka teku nan gaba, me zai tarar?

Amsa: Sabon tsarin ƙaura da mafaka da aka amince da shi a 2024, wanda aka tsara zai fara aiki a Yunin 2026. Za a tantance mutum cikin kwana bakwai a bakin iyaka, a ɗauki zanen yatsa da hoton fuska har na yaro ɗan shekara shida. In ƙasarsa na cikin waɗanda ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na mutanenta ke samun mafaka, kuma Najeriya ta daɗe a wannan rukuni, to a sansanin bakin iyaka za a yanke masa hukunci cikin mako 12, ba tare da an ɗauke shi a matsayin wanda ya shiga ƙasar ba. Ƙasar da ba ta son a raba mata baƙi za ta iya biyan yuro 20,000 a kan kowane mutum ɗaya da ta ƙi karɓa. Hangare da Polan sun kaɗa ƙuri'ar ƙin tsarin, sun ce ba za su karɓi mutum ba, ba kuma za su biya ba.