Ƙauyen Saint-Léon da kogon da aka rufe wa kowa: tambayoyi da amsoshi

In an ce yawon buɗe ido a Faransa, hankalin yawancinmu Paris yake tafiya, ga hasumiyar Eiffel, ga manyan kantuna. Amma akwai wani kwari a kudu maso yammacin ƙasar da ke tara baƙi duk bazara, kuma babban abin da suke zuwa dominsa ba a ma barinsu su gan shi.

Wane ƙauye ne wannan, kuma a ina yake?

Sunansa Saint-Léon-sur-Vézère, a lardin Dordogne, yankin da 'yan ƙasa suka fi kira Périgord. Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne. Yana zaune a inda kogin Vézère ya yi kwana, gidajensa na dutse ne mai launin zuma, lungunansa kuwa wasu ko mota ba ta shiga. A bakin ruwa akwai coci da aka gina a ƙarni na 12, rufinsa na falalen duwatsu ne da aka jera kan juna, irin rufin da nauyinsa ke sa sai an yi wa gini katanga mai kauri sosai.

Ƙauyen yana cikin ƙungiyar nan ta "ƙauyukan da suka fi kyau a Faransa" da aka kafa a 1982. Ba a shiga ta da baki kawai: dole mazauna kada su yi yawa, kuma a samu aƙalla wurare biyu na tarihi da hukuma ta sa a ƙarƙashin kariya. Duk da haka, gaskiya ɗaya ce, cikin awa guda ka gama zaga shi. Kewayensa ne ke riƙe baƙo kwana uku.

Me ke kewayen nasa?

Kogunan dutse. Ruwa ya daɗe yana cin duwatsun farar ƙasa na wannan kwari, ya bar ramuka da rumfuna birjik, mutanen da can kuma suka zauna a bakinsu suka yi zane a cikinsu. A 1979 UNESCO ta sa kwarin cikin jerin kayan tarihin duniya, da wuraren zaman mutanen farko 147 da koguna masu zane 25. Wanda ya fi suna shi ne Lascaux, ana furta shi Lasko, a kan tudun da ke kallon garin Montignac, kimanin kilomita goma daga Saint-Léon. Sunan kogon ya rinjayi na garin har a 2020 aka mayar da shi Montignac-Lascaux a hukumance.

Yaya aka gano shi?

Ranar 12 ga Satumba 1940, 'yan watanni bayan Jamus ta ci Faransa da yaƙi, wani saurayi mai suna Marcel Ravidat da abokansa uku suka faɗaɗa wani rami a cikin daji suka zura ciki da fitila. Da suka ɗaga ta sai ga dawaki, da bijimai na daji, da bareyi a jikin bango da rufi, ja da baƙi da ruwan ɗorawa, kamar jiya aka shafa. Masana sun ƙiyasta shekarun zanen da 17,000 ko fiye. Ɗaya daga cikin bijiman tsawonsa ya haura mita biyar. Da jar ƙasa da baƙin ma'adini aka yi launin, da fitilar dutse mai cin kitsen dabba aka ga hasken aikin.

Abu biyu ke ɗaure kai a nan. Ƙasusuwan da aka tono sun nuna naman da masu zanen suka fi ci shi ne na barewar ƙasar ƙanƙara, amma da ƙyar za ka ga siffarta a bango. Doki ne ya cika ko'ina. Ashe ba abin da ke cikin tukunya suke zanawa ba. Na biyu, a duk kogon siffar mutum ɗaya ce tak, shi ma da kan tsuntsu, yana kwance gaban wani ɓauna da hanjinsa ya zubo.

To me ya sa aka rufe shi?

Numfashin mutane. An buɗe shi ga jama'a a 1948, kafin a ankara masu shiga sun haura dubu a rana. Kogon da ya yi dubban shekaru a toshe, iskarsa da danshinsa ba sa canzawa, sai ga ɗumin jiki da hucin baki da hasken lantarki. Gansakuka ta fara bin bango, wani farin ɓawo kuma ya fara rufe launin. A 1963 ministan al'adu André Malraux ya ba da umarnin a rufe. Shekara goma sha biyar kacal ta yi ɓarnar da shekara dubu goma sha bakwai ba ta yi ba. Ko bayan rufewar ma kogon bai huta ba, domin a 2001 wata farar fumfuna ta bazu a ciki, bayan wasu shekaru baƙaƙen tabo suka biyo. Yau masu kula da shi ne kaɗai ke shiga, su ma na ɗan lokaci.

Ke nan kwafi mutum zai biya kuɗi ya kalla? Ina amfanin wannan?

Kwafi ne, kuma ba su ɓoye ba. Na farko, Lascaux II, an buɗe shi a 1983, kimanin mita 200 daga na asali, ya ƙunshi zauren bijimai da wani lungu mai zane da ke manne da shi. Lascaux III nuni ne mai yawo ƙasa-ƙasa. Lascaux IV, wanda aka buɗe a Disamba 2016 a gindin tudun, ya kwaikwayi kusan dukan kogon: an auna kowane ƙusumbi da kowane lotsi na bangon da na'ura, aka ƙera shi, sannan masu zane suka bi da hannu. Har sanyin da duhun an kwaikwaya.

Mai ƙorafi yana da hujja. Sanin cewa hannun wani mutum ya taɓa wannan bangon shekaru dubbai da suka wuce, shi ne rabin daɗin kallon, kwafi kuwa ba ya ba ka wannan. Sai dai ni a ganina zaɓin ba tsakanin asali da kwafi yake ba, tsakanin kwafi ne da bango fari fat. Kuma akwai abin da kwafin ke nunawa wanda hoto a waya ba zai taɓa nunawa ba: yadda mai zanen ya yi amfani da kumburin dutse ya zama cikin doki ko ƙugun bijimi, yadda dabbobin suke zagaye kanka kamar garke ya taso. Dabarar ma ba a Turai ta tsaya ba. Raƙuman dawa na Dabous da aka sassaƙa a dutse a arewacin Agadas, su ma an ɗauki gurbinsu an zuba kwafi saboda tsoron lalacewa.

Babu inda za a ga na asali ke nan?

Akwai, kuma a nan ne mai haƙuri ke cin riba. A garin Les Eyzies, in ka bi kogin ka gangara, akwai kogon Font-de-Gaume mai zanen ɓauna masu launi, wanda wani malamin makaranta, Denis Peyrony, ya gano zanensa a 1901. Ana shiga, amma mutane ƙalilan ne a rana, sai ka nemi tikiti da wuri. Akwai kuma Rouffignac, kogo mai tsawon kilomita takwas da ake shiga da ƙaramin jirgin ƙasa na lantarki, cike da zanen giwaye masu gashi fiye da 150, ga kuma sawun faratan beyar da suka taɓa kwana a ciki. Ka riƙe rigar sanyi, don ciki bai wuce digiri 13 ba ko a tsakiyar bazara.

A Les Eyzies ɗin ne kuma masu aikin hanya suka ci karo da ƙasusuwan mutane a 1868 a wata rumfar dutse mai suna Cro-Magnon, sunan da aka laƙaba wa mutanen wancan zamani, ya shiga littattafan makaranta na duniya. Gidan tarihin ƙasa na zamanin farko yana nan a jikin dutsen garin.

Wanda zane bai dame shi ba fa?

Ya nufi La Roque Saint-Christophe, 'yan mintuna a mota daga Saint-Léon. Bangon dutse ne mai tsawon kilomita ɗaya da tsayin mita 80, mai hawa biyar da ruwa da ƙanƙara suka fafe. Mutane sun zauna a ciki tun zamanin duwatsu, daga baya ya zama gari sukutum mai ganuwa, da coci, da wurin yanka, da maƙera, duk a rataye sama da kogi. An rushe gidajen a 1588, lokacin yaƙin Katolika da Furotesta. Abin da ya rage ramukan da aka soka azara ne, da matakala da aka sassaƙa cikin dutsen, da kwatancin injinan katako da ake jawo kaya sama da su. Yara sun fi son nan fiye da kowane kogo.

Akwai kuma gidan sarauta na Losse a Thonac, da hayar kwale-kwale a bi kogin, da kasuwar Asabar ta garin Sarlat.

Yaya batun zuwa, da abinci?

Jirgin ƙasa yana tsayawa a Les Eyzies, amma ba ya zuwa Saint-Léon, motocin haya kuma ba su da yawa, don haka hayar mota ta fi. Yuli da Agusta cunkoso ne. Mayu, Yuni da Satumba sun fi sauƙi. Ka lura da lokacin cin rana, domin gidajen abinci na ƙauye daga sha biyu zuwa biyu suke ba da abinci, in ka makara sai dare.

Abincin yankin agwagwa ne da dinya, da hantarsu da ake yi musu ɗura ta yi kitse, da dankalin da aka soya da man dinya. Musulmi ya riƙa tambaya, don naman alade kan ɓuya cikin miya da wake, giya kuma cikin romo. Mahautan halal sai a manyan garuruwa irin Périgueux da Brive. A ƙauye kuwa kifi, da wainar ƙwai, da cukwin akuya, da burodin safe suna nan a kusan kowane teburi.