Masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Kaiser a Richmond

Masana'antar Kaiser ta Richmond wuri ne mai filayen aiki huɗu a gaɓar Tekun San Francisco, jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka ƙera jiragen ruwa 747 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, akasarinsu na dakon kaya. An soma gina filin farko a ƙarshen 1940 domin cika odar Birtaniya ta jirage 30, saboda jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus na nutsar da nata fiye da yadda take iya mayarwa.

Mai masana'antar, Henry J. Kaiser, ɗan kwangilar hanyoyi da madatsun ruwa ne, da shi aka gina madatsar Hoover. Rashin sabo da sana'ar ƙera jirage ya taimake shi, don bai ɗaure kansa da tsohon tsari ba. Maimakon a haɗa faranti-farantin ƙarfe da ƙusa ɗaya bayan ɗaya, sai aka koma walda. Ana ƙera manyan sassan jirgi a rumfuna daban, injin ɗaga kaya masu nauyi ya ɗago su a jona a bakin ruwa. Walda kuwa ana koyonta cikin 'yan makonni, shi ya sa aka iya ɗaukar mutanen da ba su taɓa ganin teku ba.

A Nuwamba 1942 aka haɗa jirgin Robert E. Peary, samfurin jiragen dakon kaya da ake kira Liberty, cikin kwana 4 da awa 15 da minti 29. Wannan dai bajinta ce ta nuna wa duniya, aikin yau da kullum yakan ɗauki makonni.

Ma'aikata sun kai kimanin 90,000. Mutanen garin, da ba su wuce 24,000 ba a 1940, suka haura 100,000, gidaje suka yi ƙaranci har wasu na kwana a motoci. Mata da yawa sun riƙe walda, baƙaƙen fata kuma suka yi ta kwararowa daga jihohin kudu, sai dai ƙungiyar ƙwadagon masu aikin ƙarfe ta ware su a wani reshe da ba shi da cikakken ta-cewa.

Tsarin kula da lafiyar ma'aikata da likita Sidney Garfield ya jagoranta shi ne tushen Kaiser Permanente, cibiyar asibitoci da inshorar lafiya wadda aka buɗe wa jama'a a 1945. Da yaƙi ya ƙare aiki ya tsaya, dubbai suka rasa abin yi. A 2000 aka sanya wurin cikin gandun tarihi na Rosie the Riveter, laƙabin matan da suka yi aikin masana'antu lokacin yaƙin, kuma jirgin Red Oak Victory, wanda aka ƙera a nan a 1944, na tsaye a fili na uku a matsayin gidan tarihi.